Layin Toka a Filin Lugbe

Mararaba, ranar Lahadi da hantsi.

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Asma'u da 'yan jikokin nan biyu da suka hana ni barcin rana. Allah Ya tsare ku a hanyar da kuke bi kullum ta shiga gari, Ya raba ku da sharrin ƙarfe da gaggawar direbobi.

Na san za ka yi dariya. Daga ƙofata zuwa sashen da kuke zaune a gidan nan bai fi taku ashirin ba, to me ya kawo wasiƙa? Dalili shi ne na san ka, na kuma san kaina. In na kira ka, za ka zo ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, ka yi ta "To Baba, to Baba," sannan ka tashi ka je ka yi abin da ka riga ka ƙudura. Ni kuma da na fara magana sai murya ta hau, nasiha ta koma faɗa. Ka ci sunan mahaifina, ba na iya kiran sunanka, amma hakan bai taɓa hana ni yi maka tsawa ba. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta.

Shekaranjiya bayan mun sauko daga masallaci ka kawo mini zanen gidan da za ka gina a filinka na Lugbe. Na yi murna ƙwarai, kada ka yi shakka. Yaron da na goya a kafaɗa yau shi ne zai fita daga gidana ya kafa nasa, a lokacin da gari ya buɗe, soja sun koma bariki, ko'ina ka duba tifa ce da bulo. Zanen kuma ya burge ni. Ɗaki uku, falo guda da ya zarce har wurin cin abinci da kicin ba bango a tsakani, manyan tagogin gilashi, farin fenti, babu ƙawa babu tarkace. Ka ce sunan salon minimalis, wato a rage kaya a bar sarari. Ban iya faɗin kalmar da kyau ba, amma na gane nufinta.

Sai da ka naɗe takardar ka ce, "Baba, don Allah kar Umma ta ji, in ta ji Asma'u ta ji. Asma'u ta san za a fara gini, amma ba ta ga zanen ba. So nake sai an gama komai, an yi fenti, in ɗauke ta kamar za mu unguwa, in miƙa mata makulli. Ba-zata nake so in yi mata." Ka ƙara da cewa Asabar ta sama za a haƙa harsashi. Na ce Allah Ya sa albarka, amma na taɓa jin maganar nan, kuma daga bakina ta fito. An ce kyan ɗa ya gaji ubansa, sai dai ba a ce ya gaje shi har da wautarsa ba. Bari in ba ka labarin gidan da ka girma a ciki, yadda ban taɓa ba ka shi ba.

Lokacin da aka kwaso ma'aikatarmu daga Legas aka dawo da mu nan, ku kuna Kano wurin dangi, ni ina ɗan ɗaki guda da katifa da risho. Na samu filin nan na Mararaba tun wurin yana gonaki da itatuwan mangwaro. Akwai wani abokin aikina da muke ofis ɗaya, ya riga ni gini, gidansa ya shiga raina. Na ce me zai sa in wahalar da kaina neman mai zane? Na ari nasa zanen, na kai aka ɗauki hotonsa, na miƙa wa magina. Abin da ban lura ba shi ne, hanya ta bi ta kudu da filinsa, ni kuwa tawa ta bi ta wani gefen daban. Don ƙofa ta kalli hanya sai aka juya gidan gaba ɗaya. Duk abin da aka tsara a nasa domin inuwa, a nawa ya faɗa rana.

Ban farga ba sai da kakanka, mai sunanka, Allah Ya jiƙansa, ya zo ganin gida. Ya ɗauki buta ya shiga banɗaki, ko minti guda bai yi ba ya fito. Ya ce, "Kai, ina kuke fuskanta in za ku yi salla?" Na nuna masa. Ya dubi inda na nuna, ya waiwaya ya dubi ƙofar banɗakin, ya ce, "To, madalla da boko." Ashe duk banɗakunan gidan alƙibla suke kallo. Na garzaya wurin liman, ya ce a cikin gini akwai sauƙi a wajen malamai. Na kawo wa tsoho wannan albishir, ya ce sauƙin nawa ne, shi ba ya so. Kwana bakwai ya yi a gidan nan, kullum sai ya ɗauki butarsa ya nufi jeji, yara na binsa da kallo. Yana tafiya na kira magina aka fasa sabon siminti aka juya komai.

Saboda haka, Babana, kada ka yarda da takarda sai ka tsaya da ita a kan filin. Ka je da safe ka ga inda rana ke fitowa, ka koma da la'asar ka ga inda take dukan ƙasa. Manyan gilasan nan naka in suka kalli yamma, za ku gasu, kuma janareta ba zai cece ku kullum ba. Ka tambayi maƙwabta ta ina ruwa yake bi da damina, domin Lugbe akwai gangare, ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Ka san alƙiblarka kafin a kafa turke ko ɗaya, ka ware inda za a shimfiɗa darduma ba tare da an ture kujera ba.

Falon gidan nan kuma, ka san shi. Na ba shi kusan rabin gidan. Na zuba kujeru saiti uku, na sa kabad mai gilashi cike da farantan da ba wanda ya taɓa cin abinci a cikinsu, na sa labule mai nauyi, na kulle ƙofar na sa makulli a aljihu. Wa na gina wa? Baƙin da nake hasashen za su zo su ce lallai wane ya kama ƙasa. Suna zuwa sau biyu a shekara, ƙaramar Salla da babba, su sha lemo su tafi. Sauran kwanakin shekara kuwa a ɗan lungun da ke tsakanin ɗakuna muke rayuwa, a kan tabarma, gwiwa na dukan gwiwa. Ka tuna inda kake yin aikin makaranta? A kan akwatin Ummanku, kana durƙushe. Ranar da na kama ka a falon kana tsalle a kan kujera, na zane ka. Har yau in na tuna sai in ji kunya, yaro ya sha duka don ya shiga ɗaki mafi kyau a gidan ubansa.

A nan ka fi ni hankali, kuma na yaba. Ka gina falon da za a zauna a cikinsa, ka sa kujerun da yara za su hau. Kada ka bari wani ya ce gidanka ya yi wayam kamar masallaci, ka ce masa sarari ma kaya ne. Sai dai na duba zanen sama da ƙasa ban ga sito ba. Masu irin gidan nan da kake gani a mujallu ba a aiko musu buhun masara daga gida. Ba su da turmi da taɓarya, ba su da tukunyar da ake dafa abincin suna, ba sa ɗaure rago kwana uku kafin layya, kuma mutum goma ba sa tuɓe takalma a bakin ƙofarsu. Mu muna da duk wannan, ko mun so ko mun ƙi. Gidan da ba shi da wurin ɓoye kaya, wata shida ya isa kayan su fito su zauna a falo. Ka kuma tuna duk wanda ya yi gida a Abuja, ƙanin wani zai zo neman aiki ya kwana biyu, kwana biyun nan kuwa ka san tsawonsu.

Yaya girman siton zai zama, ta ina ƙofarsa za ta buɗe, ina za a yi daka, ina za a yi shanya? Ni ban sani ba. Kai ma ba ka sani ba, mai zanen naka ma haka. Mutum ɗaya ce ta sani, ita ce kuma wadda kake ɓoye wa takardar. Wannan ya kawo ni kan kuskuren da ya sa na ɗauki biro.

Shugaban maginan da suka yi mini aiki wani dattijo ne mutumin Yangoji, ana ce masa Baba Yohanna. Yana da wata al'ada. Kafin a sa diga a ƙasa, sai ya kafa turaku ya ja igiya, ya bi layin da toka, har gidan gaba ɗaya ya fito a ƙasa fari tas, kowane ɗaki da ƙofarsa. Ranar da ya gama na zo na tsaya a tsakiyar falona na toka ina jin kaina. Ya matso ya ce da 'yar Hausarsa, "Oga, yanzu ka kawo madam ya taka."

Na ce, "Ta taka me?"

Ya ce, "Ya shiga kicin, ya fita, ya ɗauki bokiti ya je wurin ruwa, ya dawo. In bai yi masa ba, mu share da ƙafa mu sake. Toka ba ya tsada, oga. Bulo ne yana tsada."

Na yi dariya. Na ce masa madam tana Kano, kuma ba-zata nake so in yi mata. Ya ce Kano ba nisa, shi zai jira sati guda. Raina ya ɗan ɓaci, ina ma'aikacin gwamnati mai tebur da tambari, birkila yana koya mini zaman iyali. Na ce masa aikinsa gini, ya yi gini. Ya ce, "To oga," ya juya ya ce wa mutanensa su fara haƙa. Da yamma tokar ta bi ƙasa.

Ranar da kuka tare, na riƙe makulli ina gaba Ummanku na biye, ina nuna mata ɗaki ɗaki kamar mai tallan haja. Da muka zo kicin ta shiga ta tsaya. Ɗan ƙuƙut ne, a yamma, taga guda can sama kusa da rufi, ko kai ba ya leƙawa. Ƙofarsa kuma ta buɗe daidai barandar da nake zama da abokaina, ta yadda ba ta isa ta je famfo ko ta kai abinci ciki ba sai ta ratsa ta gaban maza. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce, "Allah Ya sa albarka, Allah Ya ƙara buɗi." Ni kuwa na ɗauka yabo ne, na wuce gaba ina nuna mata kabad.

Wata huɗu ta yi tana girki a ciki da mayafi a jikinta, cikin zafin la'asar, saboda ba ta san lokacin da baƙo zai ɗaga kai ba. Wata rana na dawo daga ofis na tarar ta sa an kafa mata 'yar rumfar kwano a can baya, ta jera duwatsun murhu. Na tambaya, ta ce tuwo ya fi daɗi a itace. Na yarda, domin yardar ta fi mini sauƙi. Kicin ɗin da na gina ya koma ma'ajiyar tsofaffin fayil da jaridu, yana nan har gobe. Kun tashi kuna cewa Umma ba ta son girki a ɗaki, ni ma ina taya ku faɗa. Kusan shekara ashirin ke nan tana girki a rumfar nan, da damina feshi na dukan bayanta, tana jan tukunya gefe. Ba ta taɓa ce mini uffan ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba.

Yanzu dubi naka zanen. Kicin a buɗe yake cikin falo. Na san abokanka, na san yadda kuke cika ɗaki ranar da ake ƙwallo. Asma'u za ta dawo daga asibiti a gajiye, ta yini a tsaye kan marasa lafiya, tana so ta cire hijabi ta sha iska ta ɗora tukunya, sai ta tarar da maza shida suna ihu a gaban murhunta. Ga daddawa, ga suyar manja, ga fararen kujeru. Wataƙila kuma ni ne tsohon yayi. Wataƙila abin da take so ke nan, tana yanka albasa tana ganin yara suna karatu, ba a kulle ta ita kaɗai a lungu ba. Mai yiwuwa ƙofar gilashi mai turawa ta raba gardama, ko wani ɗan kicin na biyu a baya. Ban ce ka sa bango ba, ban ce kada ka sa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a wannan ɗakin ba kai ne mai ɗakin ba.

Na san niyyarka mai kyau ce. Kana so ka ga fuskarta ranar da za ka miƙa makulli, ni ma abin da na so ke nan. Amma ba-zata da atamfa ake yi, ko agogo, abin da in bai yi ba za a sa a akwati a manta. Bango kuwa kullum sai an kewaye shi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne Asma'u 'yar mutunci ce, an yi mata tarbiyya irin ta Ummanku. Za ta karɓi makullin, ta yi murmushi, ta yi maka addu'a, kuma ba za ka taɓa sanin abin da ta gani ba.

Jiya da la'asar na kasa zama. Ban tona maka asiri ba, kada ka damu. Na yage bayan tsohuwar kalanda, na ɗauki biro, na zagaya rumfa na sami Ummanku tana gyaran zogale. Na ce, "Hajiya, da a ce yau za a sake gina gidan nan, yaya za ki so shi?"

Ta dube ni ta ce, "Alhaji, lafiya? Ko fansho ne ya fara taɓa ka?"

Na ce ta dai zana mini. Ta goge hannu a zani, ta ɗora takardar a bayan faranti. Babana, matar nan da ban taɓa ganin ta zana ko da'ira ba, ta ja layukan nan ba tsayawa, ba gogewa, ba ɗaga kai. Kafin ruwan tukunya ya tafasa ta gama. Gidan nata bai kai rabin nawa ba. Falo ɗan daidai. Kicin a gabas, da taga mai faɗi ƙasa-ƙasa tana kallon tsakar gida. Sito a jikinsa, famfo a bakin ƙofa, da wata ƙofa ta gefe da mata za su shiga su fita ba sai sun gaisa da kowa ba.

Na ce, "Yaushe kika tsara wannan?"

Ta ce, "Tun ranar da muka tare."

Sai na sa yatsa a kan wani ɗan layi da ta ja a cikin kicin ɗin, jikin bango, ƙarƙashin tagar. Na ce wannan fa, kanta ce ta ajiye kwanuka?

Ta ce, "A'a, benci ne. Nan za ka riƙa zama kana yi mini hira ina girki."

Ta karɓi farantinta ta ci gaba da gyaran zogale kamar ba ta ce komai ba. Ni kuwa na tsaya riƙe da takarda, tsoho da furfura, hawaye na zubo mini. Na yi baƙin ciki irin wanda ban yi ba tun rasuwar mai sunanka. Duk shekarun nan ina baranda da abokai muna gyara Najeriya da baki, ita tana baya ita kaɗai, kuma abin da ta so a gidan nan gaba ɗaya bai fi katako guda ba. Na ce ta yafe mini. Ta ce in daina abin kunya kada jikoki su gani, in miƙo mata gishiri.

Asma'u ma tana da nata zanen a ka, na tabbata, ko da ba ta taɓa faɗa ba. Kai kuma Allah Ya ba ka abin da ni na wofintar, domin filinka har yanzu ciyawa ce. Ka ɗaga haƙan nan da sati guda, ba abin da zai gudu. Ka sa maginanka su ja igiya su zuba toka. Ka kai ta da safe, ka ba ta takardar a hannunta, ka koma gefe ka rufe bakinka. Ta shiga ta fita, ta tsaya inda za ta tsaya, ta share abin da za ta share da ƙafarta. In ta ce komai ya yi, kada ka yarda da wuri, ka sake tambaya. Ku bar mana yaran, ni da Ummanku za mu riƙe su har ku dawo. In ta canja maka rabin zanen, kada ka ji haushi, gidan ne ya fara zama naku.

Ni dai gobe in Allah Ya kai mu zan je wurin kafinta. Na riga na auna wurin a rumfa, bencin zai shiga daidai tsakanin randa da bango, inda hayaƙi ba ya bi.

Allah Ya sa ku haƙa a sa'a, ku gama lafiya, ku shiga da ƙafar dama. Ya tsare magina daga faɗuwa da rauni, Ya tsare gidan daga gobara da ambaliya da mugun maƙwabci. Ya sa a yi salla a cikinsa, a yi dariya a cikinsa, a ci a ƙoshi har a ba wani. Allah Ya yi maka albarka, Ya yi wa Asma'u albarka, Ya raya muku zuriya. Duk inda kuka sa ƙafa Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka.